Ranar da Baba Ya Ga Sanƙon Jarumi

Ko zan manta komai a rayuwata, ba zan manta yammacin da na zauna kallon fim ɗin faɗa tare da mahaifina ba. Kashi na biyu ne, ni kuwa ko na farkon ban taɓa gani ba.

Baba manomin shinkafa ne a wani ƙauye kusa da Tanda. Yanar ido ta rufe masa gani shekara da shekaru, har ya daina zuwa fadama, ya koma zaman rumfa a ƙofar gida. Jikin rumfar akwai shagon cajin waya, inda samari ke kunna wani fim ɗin faɗa da aka fassara da Hausa, kullum shi ke nan. Baba ba ya gani, amma kunnensa ya haddace fim ɗin tas, kowa da muryarsa.

Da muka ji likitocin ido sun zo Gaya, inda nake aure, maigidana ya je ya ɗauko shi. Aka yi aiki, aka cire audugar da aka rufe idon da ita, likita ya ce ganin zai washe a hankali. Sai dai Baba bai nuna alamar yana gani ba. In na ce, "Baba, kana gani?" sai ya ce, "Da sauƙi, 'yata." Na san halinsa, ba ya son tayar wa mutum hankali. Na riƙa shiga madafa ina kuka a ɓoye, a zatona aikin bai yi ba.

Ran nan bayan azahar ya kira ni, murya ƙasa-ƙasa. "Na ji yara suna cewa fim ɗin nan an yi na biyunsa. Ko ana samu nan garinku?"

Na yi mamaki, amma na faɗa wa maigidana. Ya hau babur ya je kasuwa ya samo, ya haɗa mana a tele, sannan ya koma bakin ƙofa ya zauna, saboda kunyar suruki.

Tun farawa na ɓace. Motoci na kamawa da wuta, mutane na dirowa daga kan gada, ban san mai gaskiya ba, ban san mugu ba.

"Baba, wannan mai kukan wane ne?"

Ya runtse ido ya saurara. "Ƙanen jarumin ne. A na farko an ce ruwa ya ci shi, ashe yana nan da ransa."

"Wannan matar fa?"

"Kada ki yarda da ita. Ita ta sayar da su."

Haka muka yi ta yi, ni mai ido ina tambaya, shi yana ba ni amsa da kunne. Can sai jarumin ya shigo ya yi magana. Baba ya buɗe ido, ya matso gaba, ya daɗe yana kallo. Sai ya fashe da dariyar da rabon in ji irinta tun ina yarinya.

"Wannan ne? Wannan ɗan guntun mai sanƙo? Ni da nake ba shi tsawon giginya."

Na taya shi dariya har da riƙe ciki. Ina tsakiyar dariyar ne abin ya faɗo mini: ai ba a jin sanƙo da kunne. Na waiwaya, na ga maigidana ya miƙe tsaye a bakin ƙofa, shi ma ya gane.

"Baba, ka ga sanƙon?"

"Na gan shi, har yana ƙyalli. Tun da aka buɗe idon nake ganin abubuwa kamar cikin hayaƙi, na ji tsoron in faɗa muku kuma ya koma. Yau ya washe." Ya juyo ya ƙura mini ido. "Ke ma ashe kin fara furfura."

Na yi kuka, na yi dariya, na rasa wanda zan tsaya a kai. Muka ƙarasa fim ɗin, maƙwabta da suka jiyo mu sun cika ɗakin, Baba na nuna wa jarumi inda maƙiya suka ɓuya tun kafin ya gan su. Har yau ban fahimci dalilin faɗan nasu ba, ban kuma damu ba.

Abin da na koya shi ne, in babba ya nemi abu, komai ƙanƙantarsa, ko da ya ba ka dariya, ka yi masa. Da na ce fim ba na tsofaffi ba ne, da Baba ya ci gaba da riƙe tsoronsa shi kaɗai, ni ma ina riƙe da nawa a madafa.