Hannuwan Direban Keken Doki

Ni direba ne. Ban yi boko ba, kuma ba na jin Turanci. Amma ina saurayi, lokacin da nake kai kaya Sakkwato, na kalli finafinan kaboyi a silima har na haddace su. Akwai guda da na fi so, wanda 'yan fashi ke tare keken doki a cikin duwatsu. A cikinsa in aka harbi mutum sai ya dafe ƙirji ya faɗi a hankali, hularsa ma ba ta ɓaci. Mu yi ta tafi.

Farkon samun jihar Kebbi ina jan motar wani Alhaji na Aliero, ina kai albasa Kurmi, can Kudu. Mu biyu ke tuƙin, ni da wani mutumin Kimba da ya girme ni. Wata rana da hantsi, mun wuce Maiyama kaɗan, muka iske kututturen itace an gitta a hanya. Mutane suka fito daga daji da bindigogi. Suka ce a kwanta. Muka kwanta rub da ciki a kan kwalta. Abokina ya ɗaga kai, ban san dalili ba. Suka harbe shi. Ni na dawo gida.

Daga ranar ban ƙara taɓa sitiyari ba. Ko salansar mashin ta buga sai in nemi wurin ɓuya. Na ce wa mutane ciwon baya ne. Alhaji ya yi haƙuri har sabuwar albasa ta fito, sannan ya kira ni.

Ya ce, "Gobe za a yi lodi. Ko ka amshi makulli, ko in ba wani. Ba ni barin albasa ta ruɓe."

Ban da tuƙi ban iya komai ba, ga iyali. Na ce to. Na hau mota zuwa Jega don kada in zauna gida matata ta ga fuskata.

A bayan tashar Jega taubashina yana da gidan bidiyo, ɗakin langa-langa ne da bencuna da talabijin ɗaya. Yana hango ni ya ɗaga murya.

"Bawana! Allah ya kawo ka. Wanga kaboyin naka da ka ishe mu da labarinai, Turawa sun sake shi sabo, da sabbin mutane. Zamna gaba ka hwaɗa muna."

Haka ake yi a lokacin. Babu mai jin abin da Turawan ke cewa, sai a sa wanda ya san fim ɗin a bencin gaba ya riƙa ba da labari. Na ce bayana na ciwo. Ya ce, "Da baya kaka magana?" Mahauta da 'yan kamasho da ke ciki suka yi dariya. Na zauna. Ya tada janareto, ya ja ƙofa ya sa sakata saboda masu leƙe. Na ji ƙarar sakatar nan har cikin haƙorana.

Da farko lafiya. Labarin bai canza ba. Na ce wannan ne jarumi, wancan mai tabon shi ne shugaban ɓarayi, keken nan kuma albashin ma'aikata ya ɗauko. Wani mahauci ya ce, "To in ka san ƙarshe, mi kaka kallo?" Na ce ya yi shiru ya gani.

Sai keken ya shiga duwatsu. A tsohon fim ɗin, nan kiɗa yake tashi, jarumi ya ɓullo a guje. A wannan babu kiɗa. Itace ne kawai a gitte a hanya, dawakai suna huci.

Ɓarayin suka fito da fasinjoji, suka kwantar da su rub da ciki. Aka matso da hoton kusa da fuskar direban keken. Ƙasa ta shiga bakinsa. Idonsa na kallon takalmin wanda ke tsaye a kansa. Wanda ya shirya wannan fim, ko dai an taɓa kwantar da shi, ko ya zauna da wanda aka kwantar. Takalmi kaɗai ake gani. Ni ma har yau ban san fuskarsu ba, amma na san takalmin roba mai yankakkiyar dunduniya.

"Malam direba, mi anka ce?" Wani ne daga baya.

Na dubi ƙofa, tana rufe, ga mutane cunkus tsakanina da ita. A talabijin wani dattijo cikin fasinjojin ya fara motsi.

Na ji kaina ina cewa, "Kwanta. Kada ka ɗaga."

Ya ɗaga. Ƙarar bindigar ta cika ɗakin. Bai dafe ƙirji ba. Ƙafarsa ce ta yi ta shure-shure, kamar yadda ta mutumin Kimba ta yi ta bugun ƙafata. Na riƙe benci da hannu biyu don kada in faɗi. Babu wanda ya yi tafi.

Taubashina ya zo ya tsuguna kusa da ni. Wannan karon bai ce bawana ba. Ya ce, "In buɗe maka ƙohwa?"

Na so in ce e. Amma ɓarayin sun tafi, kuma fim ɗin bai bi su ba. A tsohon, bayan jarumi ake bi, ba a ƙara nuna direba. Wannan ya tsaya a kansa. Ya tashi da ƙyar, wandonsa a jiƙe. Ya ɗora gawar a keke. Ya hau, ya kama linzami, linzamin ya kuɓuce. Hannuwansa rawa suke. Ya sake kamawa, ya naɗe shi a wuyan hannu. Ya ja keken a haka.

Na jira in ji an yi masa dariya. Mahaucin nan ne kawai ya ce, "Kai, wanga namiji ne."

Ban tsaya ganin ƙarshe ba, na san jarumi zai kashe su. Na ce a buɗe mini.

Washegari na karɓi makulli. Daga Aliero zuwa Jega ban ji komai ba. Da muka doshi Maiyama hannuna ya fara rawa. Sabon abokin tuƙin da Alhaji ya haɗa ni da shi ya duba, ya ce ko ya karɓa. Na ce a'a. Na manna ƙirjina da sitiyari, na wuce wurin ina kallon gefen daji, ban numfasa sosai ba sai da muka isa garin Koko.

Na ƙara shekaru masu yawa a hanyar nan. Duk zuwa, a daidai wurin, hannun sai ya yi rawa.