Maza Shida na Orval Pokorny

Kowace shekara jarida takan buga taswirar gundumomin jiharmu ta Nebraska a Amurka, ta shafa shuɗi inda masu shigowa suka fi masu tashi yawa, ta shafa ja inda masu tashi suka rinjaya. Tun ina koyarwa gundumarmu ja ce, har aka rufe makarantar, na ajiye alli.

Orval Pokorny manomin masara ne, amma ba da noma aka san shi ba. Shekara arba'in shi ne yake tara maza shida da za su ɗauki akwatin gawa daga ƙofar coci zuwa bakin kabari. Masu shirya jana'iza suna da keken tura akwati, shi kuwa ya rantse ba za a tura ɗan garinmu kamar buhun taki ba. Da fari yakan zaɓa. Daga baya ya koma roƙo, domin matasan da na koyar duk sun koma gundumomin shuɗi.

Da matarsa Darlene ta rasu, kwana biyu ya yi yana buga waya. Ya sami huɗu. Ɗansa Duane, wanda zai zo daga birnin Omaha, shi ne na biyar. Ina gidan, na kai musu abinci, lokacin da abokinsa Leland ya shigo yana dogara sanda.

"Ka sa ni, Orval."

"Kai? Ƙafar taka ma da ƙyar take ɗaukarka. So kake in binne biyu rana ɗaya?"

"To, tsohon banza, ka kawo keken mana."

"Ba dai Darlene ba."

Al'adarmu ita ce miji ya bi akwati a baya. Orval, mai shekara tamanin da ɗaya, ya karya ta, ya kama hannu na shida da kansa. Sau uku suka sauke akwatin a kan ciyawa yana haki, ba wanda ya iya kallonsa, amma sun kai ta.

Bayan an tashi, ana shan kofi a zauren coci, Duane ya ce, "Baba, ka biyo ni Omaha. Yau da kai aka cika shida. Ranar taka fa?"

Orval ya dubi zauren, na ga leɓɓansa suna motsi, yana ƙidaya. Sannan ya juyo gare ni.

"Malama, ke kika iya lissafi. Shida a cire ɗaya, Duane kuma sai in hanya ta yi kyau."

Shi ma ya san amsar.

Orval ya koma Omaha bayan girbi. Da Leland ya rasu cikin watan Maris, a keken aka tura shi. Wata ƙafar keken tana ƙara, ba kuma wanda ya tuna ya zuba mata mai.