Mai Wufa Zai Rufe Shago

Ƙarfe bakwai da rabi yake ɗaga ƙofar shagonsa, kuma shekara talatin da huɗu ke nan bai saɓa ba, sai dai in ciwo ko rasuwa. Yakan fara share gaban shagon, ya haɗa da na telan da ke maƙwabtaka da shi, sannan ya jona ƙarfen narka dalma, ya zauna a benci yana jiran ya yi zafi. Shagon bai wuce taku huɗu ba. Akwatunan sauti ne jibge har rufi, wasu an farke cikinsu, wasu masu su sun manta da su, ga warin gam da na ƙonanniyar waya ya kama bango. Ba wanda ke kiransa da sunan yanka. Yaro da babba, Mai Wufa suke cewa. Wufa kuwa ita ce akwatin nan mai nauyi da ake ajiyewa kusa da talabijin ko rediyo, mai fitar da sautin ƙasa, wanda mutum ke ji a ƙirji kafin ya ji a kunne. Ƙarshen watan nan zai rufe shagon, shi ya sa muka ga bai kamata ya tafi shiru ba.

Shi ba ya gaggawar kwance akwati. In ka kawo masa wufa, sai ya titsiye ka da tambaya kamar likita: ina kake ajiye ta, a wane soket take, wa ya taɓa ta na ƙarshe. In ka ce gurnani take yi ko ba a saka komai ba, sai ya ce ka koma ka jona ta a soket ɗaya da amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara ƙarfin sauti, ka dawo gobe ka ba shi labari. In ka ce sautin ya rame, sai ya ce ka duba ko an juya jar waya da baƙa. Rabin masu zuwa haka suke komawa da kayansu ba a kwance ko kusa ɗaya ba. Wadda ta ƙone da gaske kuwa, yakan zauna ya naɗa mata sabon koyil da waya siririya kamar gashi, yana ƙirgawa a ransa, ba ya amsa ko sallama sai ya gama.

Har gida yake bin aikinsa. Yakan ɗora wufar a kujerar da maigida ke zama, ya kunna kiɗa, ya durƙusa yana rarrafe a jikin bango yana saurare. Inda ya ji sautin ya fito sumul, nan ne mazauninta. Akwai gidan da uwargida ta shigo ta tarar da dattijo da furfurarsa yana rarrafe a kan kafet, ta koma ta ɗauko tocila, ta tambaye shi abin da ya yar don ta taya shi nema.

Tela, wanda ya fi kowa ganin aikinsa, yana yawan ba da labarin wata tsohuwa marar lafiya da gadonta ke jingine da bangon wani saurayi mai son kiɗa. Rigima ta kai har ɗanta ya rantse sai ya fasa wufar saurayin. Mai Wufa ya je ya janye ta daga bango kamar kamu biyu, ya yanko tsohuwar taya ya sa mata a ƙafafu, ya rage nauyin sautin. Daga nan ya zaga ɗakin tsohuwar, ya zauna a bakin gadonta da tafinsa a jikin bango, yana aika wa saurayin ya ƙara ko ya rage, har bangon ya daina rawa. Gidajen biyu suna gaisawa har yau.

Abin da bai lura da shi ba, aikin yana cin kunnensa a hankali. Shekara da shekaru yana kara kai a bakin lasifika don ya kamo 'yar ƙarar da ke ɓuya. Aka fara yi masa magana sau biyu, ya ce mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki. Sai ranar da wani ya dawo da wufar da ya gyara masa, yana faɗa, wai tana ƙara kamar an sa tsakuwa a gwangwani. Aka kunna a gabansa. Tela ya ji daga shagonsa, masu wucewa suka ji, shi kaɗai bai ji komai ba. Ya kashe, ya ba mutumin haƙuri, ya zauna har azahar bai taɓa kayan aiki ba. Babbar 'yarsa ce ta matsa ta kai shi asibiti. Likita ya ce kunnen hagu ya tafi, na dama kuma yana hanya, ba abin da zai dawo da su.

Bayan wannan ne matar wani direba ta zo da wufarta. Mijinta direban babbar mota ne, abokin hirar Mai Wufa, mutum mai kakkaurar murya, kuma wata bakwai ke nan da ya rasu a hanya. Abin da ya bar mata na muryarsa shi ne saƙonnin da yakan turo ta waya in ya yi nisa. Takan jona wayar da kayan sautin da ke falo ta saurara. Ana nan sai ɓera ya shiga wufar ya cinye takardar lasifikar, ƙananan lasifiku kaɗai suka rage, muryar ta koma siririya.

"Baba, maganar tasa ce, amma ba shi ba ne," ta ce. "Kamar wani ne ke kwaikwayonsa."

Sai da tela ya maimaita masa da ƙarfi. Ya so ya ce ta kai wani wuri, don ya san ba zai iya tantance aikin da kunne ba, kuma yana tsoron ya ƙara ɓata mata abin da ya rage. Amma ya dubi wufar, ya gane shi ya zaɓa wa marigayin ita da hannunsa. Ya ce, "Bar ta, 'yata."

Kwana huɗu ya yi a kan wufar. Ya sauya takardar, ya liƙe bakinta da gam, ya gwada ta da ƙaramin batir yana kallon yadda take motsi, ya bi kowace kusurwa da yatsa yana neman inda iska ke fita. Tela ya raka shi gidan. Mai Wufa ya ajiye wufar a inda take tun asali, ya ce wa matar ta kunna saƙon, ya ɗora tafin hagu a kan akwatin, na dama a kan abin murɗawa, ya tsura wa fuskarta ido. Yana murɗawa kaɗan-kaɗan, tana girgiza kai. Can sai ta daina girgizawa, ta toshe bakinta da mayafi, ta sulale ta zauna a ƙasa. Ya cire hannu, ya sa alama da fensir a wurin, ya ce kada kowa ya ƙara taɓawa.

A hanyar komawa ya tambayi tela me marigayin ke cewa a saƙon. Tela ya ce cewa yake ya kusa isowa, a bar masa ƙofa. Ya gyaɗa kai, suka ci gaba da tafiya.

Kai ne, Mai Wufa, ka mayar wa mace muryar mijinta alhali kai ba ka ji ta ba. Kai ne ba ka taɓa kwance lafiyayyen akwati don a ce ka yi aiki ba. Mun zauna a falukanmu mun sha kiɗa, mun kalli ƙwallo, mun aurar da 'ya'ya da sautin da ka daidaita, ba mu taɓa tambayar abin da yake ci maka ba. Yanzu mutane sun koma sayen na roba, in ya lalace a jefar, kuma wanda zai karɓi shagon ya riga ya zo ya auna bango. Mun gode, kuma mun san godiyar ta makara. Allah ya saka maka, ya ba ka haƙurin shirun da ke gabanka.

Ku kuma masu sana'a, ku yi tambaya kafin ku kwance kayan mutane, ku bi aikinku har inda zai zauna, ku kuma tausaya wa kunnuwanku tun suna nan. Wanda Mai Wufa ya taɓa yi wa aiki, ya daure ya leƙa kafin wata ya ƙare. In kun je, kada ku yi sallama daga baya, don ba zai waiwayo ba, kuma yana jin kunya in ya gane an daɗe ana kira. Ku zagayo ta gabansa, ku bari ya ga bakinku, sannan ku ce masa an gode.