Gwiwar Auta ta warke

Shekarar da aka yi wa autanmu aiki a gwiwa, duk unguwarmu ta Nima ta zama likita. Ɗan ƙwallo ne a wani kulob na Accra, ni kuwa yayarsa ce, ina sayar da tuwo a bakin titi. Duk wanda ya zo sayen tuwo sai ya bar mini magani. Wannan ya ce man kaɗe, wancan ya ce mai ɗori na Maamobi. Babanmu mahauci ne, shi ilminsa ɗaya: ƙafa ita ke gyara ƙafa. Kullum sai ya dawo da ƙafar saniya a leda, in dafa farfesu, Auta ya sha har ya fara ganin shanu a mafarki.

Gwiwa dai ta warke, likita ma ya tabbatar. Muka yi sadakar koko da ƙosai. Ashe tsugune ba ta ƙare ba.

Auta ya koma fili, yana gudu lafiya lau. Amma da wani ya nufo shi zai ƙwace ƙwallo, sai ya janye ƙafa ya bar masa. Koci ya yi ta haƙuri har ya gaji, ya ce in kakar wasa ta ƙare a haka, sai dai ya nemi wani kulob. Yaron nan bai iya komai ba sai ƙwallo. Ko canjin tuwo na bar shi ya bayar, sai ya yi mini asara.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shirunsa ne. Mai surutun da sai an toshe masa baki da nama, ya koma zama a ɗaki, ƙofa a rufe. Safiyar wasa ina jin shi yana amai a bayan gida. In na tambaya sai ya ce, “Ba komai, Yaya.” Baba ya ƙara yawan ƙafar saniya, Mama ta ce bakin mutane ne, ta karɓo rubutu. Ni kuwa ina tuƙa tuwo hankalina na kan ƙofar ɗakinsa. Tsoro nake ji wata rana in buga ƙofar nan a ƙi amsa mini.

Sai koci ya zo rumfata da kansa. Ya ce akwai wata likita da ke zama da ’yan wasa, ba allura ba ƙwaya, magana kawai.

“Likitan ƙwaƙwalwa?” na ce. “Koci, so kake a ce ɗan mahauci ya haukace?”

“Hajiya, ƙafa ya warke kuraa, sarai,” ya ce da Hausarsa ta Zongo. “Kai ne bai yarda ba. Mun bar jaki muna dukan taiki.”

Na raka shi ranar farko, na ja mayafi har hanci kada wani ɗan unguwa ya gan mu a motar haya ta trotro. Na zauna a benci ina jan carbi ba tare da na san me nake karantawa ba. Ya fito ido jawur. Na ce a raina shi ke nan, ta ƙarasa mana shi.

Amma ya ci gaba da zuwa. Sannu a hankali ya soma ci, ya soma barin ƙofa a buɗe. Na ji yana gaya wa abokinsa cewa ƙarar da gwiwar ta yi ranar da ya faɗi ita ke dawo masa a kunne duk lokacin da aka taso masa. Wata da watanni yana ɗauke da wannan, mu muna ɗura masa romo.

Ranar wasan da za a yanke hukunci a kansa na rufe rumfa na bi shi. A bakin fili yana ɗaure takalmi, na ga yana kwancewa yana sake ɗaurewa.

“Auta, lafiya?”

Ya ɗago ya dube ni.

“Tsoro nake ji, Yaya. Sosai. Likita ta ce in faɗa, sannan in shiga da shi.”

Ban taɓa zaton zan yi murna ƙanena ya ce mini yana jin tsoro ba. Na ce, “Ni ma haka.” Ya ja igiyar takalmin ya miƙe, ya bar ni a nan ina kuka kamar wadda aka yi wa albishir.