Kyanwata Ta Maƙale a Rariya

Yaya Hajara, kin san tun da aka kawo mana geron nan daga Ɗanzomo ɓeraye suka hana ni sukuni. Ga fari bana, ga jaririya a tabarma. To ji abin da ya faru yau!

Da hantsi ina daka, sai ga ƙaton ɓera yana sansana ƙafar yarinyar. Na ƙwalla ihu! Kyanwata ta miƙe da ƙyar, ta bi shi. Ɓera ya fice ta rariya. Ita kuwa kai ya shige, ciki ya ƙi! Sai da maigidana Malam ya fasa katanga da fartanya.

Na ce, "Ni ƙanzo da kan busasshen kifi nake ba ta, tafi guda. Ina ta samo wannan tumbi?"

Inna, mahaifiyar Malam, ta ce, "Ni ce, 'yar nan. Kullum ina ƙara mata fura da nono, kada alhakinta ya kama mu."

Na gaji, Yaya. Bakina bai isa ya hana Inna ba. Don Allah ki aiko mini da ramammiyar kyanwar nan taki ran kasuwa, zan ɓoye ta a ɗakina.