Geron Shugaba a Bayan Fosta

Har yau ban manta da ranar da Alhaji Bawa, shugaban wata ƙungiyar manoma, ya shigo shagonmu na hoto a Gummi ba. Wajen 2006 ne, ina mai kula da kwamfuta, babu kowa sama da ni sai maigida. Zaɓen ƙungiya ya matso, kujerarsa na rawa, yana son fosta.

Na ɗora hotonsa a kan launin ruwan ɗorawa zalla. Ya leƙo, ya taɓe baki.

"Wanga bangon asibiti na, Sani. Sa mai rai!"

Ku yaran yanzu da ke sauko da komai daga intanet, ku ji yadda muke yi. Launi zalla ba ya da armashi, sai mu shimfiɗa tabarma ko ƙyalle a kan sikana, mu ɗauki hotonsa, mu sa a bayan mutum cikin manhajar gyaran hoto, mu dusashe shi. Da na bayyana masa, Alhaji ya aika aka ɗebo gero daga buhunan irin da zai raba wa manoma kafin shuka. Na baza a gilashin sikanar na ɗauka. Zan dusashe, ya riƙe mini hannu.

"Bar shi hakanan! Ƙara mai girma, kowa shi ga arziki."

Ni ɗan tela ne, gero sai a fura na san shi. Na ƙara, har kowace ƙwaya ta kai gujiya. Wallahi ya yi kyau, na yi ta jin kaina.

Ran kasuwa aka manna. Na je shan yabo, na tarar da manoma sun yi cincirindo, amma babu mai kallon fuskar Alhaji. Wani dattijo, Malam Ɗanjumma, ya kai hanci dab da takardar.

"Wanga hatci na bara waccan na. Ku dibi huji, ƙwari sun cinye cikinai. Shi za a ba mu mu shibka?"

Kafin la'asar an farke buhunan, an tarar duk haka suke. Alhaji ya faɗi zaɓe da fostar da ya biya da kansa. Na tausaya masa, amma dariya ta fi ƙarfina.

Abin da na koya, mu ne muke raba hoto gaba da baya. Manomi abin da ya sani yake kallo. Sabon shugaba, Malam Ɗanjumma, da ya zo yin tasa fostar, ya dafa murfin sikanar ya ce, "Ɗana, sa min bangon asibitin nan."