Bakin Inna Tela

Inna Tela ba ta taɓa neman almakashi don yanke zare ba. Tun tana yarinya a shagon ɗinki ta koyi cewa haƙori ya fi kusa: ta kai ƙarshen ɗinki, ta sunkuya, ƙas, ta jawo wani yadin. A haka ta riƙe ɗanta tilo bayan rasuwar mijinta, har ya gama makaranta ya zama ma'aikacin ofis. Zaren nan ya fara tsaga mata haƙoran gaba, tsagar ta zama rami, ramin ya yi baƙi. Lokacin da idonta ya daina ganin kafar allura, guntaye ne kawai suka rage a bakinta.

Ɗan ya ɗauko ta ya ba ta ɗakin baya, kusa da tankin ruwa. Ba ta koka ba, saboda akwai Guntu, jikanta, wanda ko makaranta bai shiga ba. Kullum da safe shi ne ke fara turo ƙofarta.

"Maigida, yau ma hannu sake ka zo min? Ina cefane?"

"Ni ba mijinki ba ne, kin tsufa!" Sai ya haye cinyarta, ya shanye mata shayi a kofinta.

Abu ɗaya Guntu ya tsana, wanke baki. Man goge baki wai yaji ne da shi. Zaren sakacen da likita ya ce a riƙa sa masa kuwa, da ya hango shi sai ihu. Uwar ta yi lallashi, ta yi waƙa, ta sayo buroshi mai kan zomo, duk a banza.

Wata safiya ya kufce mata da kumfa a haɓa, ya ɓuya a jikin kakarsa. Uban ya biyo shi, ga shi ya makara zuwa ofis.

"Inna, don Allah buɗe bakinki ya gani."

Ta yi dariya tana kare baki da gefen mayafi. "Kai, tafi aikinka."

"Taimako ne, Inna. Yaron nan haƙoransa za su lalace."

Ba ta taɓa hana shi komai ba. Ta buɗe. Ya kunna fitilar waya ya haska.

"Ka gani? Haka bakin ƙazami yake komawa. Tsutsa ce ta cinye su. Matso ka ji warin."

Ta so ta ce zare ne, ita ba ta taɓa kwana ba ta wanke baki ba. Amma bakin a buɗe yake, kuma mai maganar ya sani. Da yana yaro, shi ne yake zama ƙarƙashin keken ɗinki yana tsince guntayen zaren da take tofarwa.

Guntu ya zame daga cinyarta a hankali. Ran nan da kansa ya ɗauki buroshi, har ya miƙa baki aka sa masa zare.

Uwar ta ji daɗi, ta ba maƙwabta labari. Ba a jima ba matar mai kanti ta jawo tagwayenta. "Inna Tela, a taimaka mana da bakin nan." Daga nan duk yaron da ya ƙi buroshi a layin, sai a ce, "Ko in kai ka wurin Inna Tela?"

Guntu ya daina turo ƙofa. Ta wanke kofi tas ta zuba masa shayi, ya tsaya daga nesa ya ce, "Kin sa baki?" Shayin ya huce a kan tabarma.

Sai wata safiya ƙofar ta motsa. Cike da murna ta gyara zama, ta kakkaɓe cinyarta. Guntu ne, haƙoransa fari fat, yana riƙe da hannun abokinsa.

"Inna, buɗe ya gani. Wai ƙarya nake yi."

Ta dube shi. Ta san idan ta ƙi, zai juya.

"To matso, maigida. Daga can ba za ku gani ba."

"Daga nan ma muna gani," in ji shi, ƙafarsa ba ta tsallake bakin ƙofa ba.

Inna Tela ta sauke mayafi, ta buɗe.